Wace ƙaramar bindiga ta dace da manomin da dabbobi ke yi wa ɓarna a gona?

Tambayar ta zo ne daga wani Alhaji mai gona a ƙasar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe, ƙasa kaɗan da madatsar ruwan Dadin Kowa. Ya ce kadada goma sha biyu yake nomawa, masara da gyaɗa da damina, shinkafa da kankana da rani. Gyazbi na yanke masa shinkafa da masara, kurege na tone iri tun bai tsiro ba, ɓeraye sun addabi rumbu, birai kan sauko idan masara ta yi goyo, ga jan-baki da zarar shinkafa ta fara nuna. Wani abokinsa ya ba shi shawarar ya nemi ƙaramar raifal, wato doguwar bindiga mai harba harsashi ƙwaya ɗaya zuwa nesa, shi ne yake son sanin wadda ta fi dacewa tsakanin .22 LR da .22 Magnum da .17 HMR da bindigar iska.

Alhaji, Allah ya sa wa gona albarka, ya kuma mayar maka da abin da aka ɓarnata. Na fara aikin daji da malantar gona tun Gombe tana cikin jihar Bauchi, kafin a raba su a 1996, kuma na daɗe ina riƙe da bindiga bisa lasisi, saboda haka abin da zan faɗa maka na gan shi a gonaki irin taka. Amsata ita ce: ka nemi mafi ƙarancin ƙarfin da zai kashe dabbar nan take a tazarar da za ka iya harbi ba kuskure, kada ka ƙara ko kaɗan a kan haka. A gonarka wannan na nufin bindigar iska mai baki .22 domin kurege da gafiya da tsuntsayen da ke sauka masussuka, sai .22 LR mai sakata, wadda ake ɗura wa harsashi ɗaya-ɗaya da jan sakata, domin gyazbi idan gonar tana da tudun da zai tare harsashi, idan kuwa ba ta da shi to bindiga mai baki ɗaya, mai watsa ƙananan ƙwayoyi, ta fi ta aminci. Magnum da .17 HMR ba ka da buƙatarsu. Sauran dabbobin da ka lissafa, wato ɓera da jan-baki da biri, bindiga ba maganinsu ba ce, kuma zan faɗi dalili.

Amma kafin maganar ƙarfe akwai maganar takarda, domin ita ce ke iya kai mutumin kirki gidan yari. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita a Najeriya, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko shi ne haramtattu, irin su bindigogi masu sarrafa kansu, da bindigar hannu, da raifal irin ta soja mai baki 7.62 ko 9 na milimita ko .300 ko .303 na inci, waɗanda ba mai ba da izinin riƙe su sai shugaban ƙasa. Kashi na biyu shi ne wanda ya shafe ka, ya ƙunshi bindiga mai baki ɗaya ko biyu, da raifal ta farauta, da bindigar iska, kuma lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Kashi na uku bindigar toka ce da danginta da ake ɗura wa albarushi ta baki, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasisi. Ka lura da kyau cewa bindigar iska tana cikin kashi na biyu. Mutane da yawa sun ɗauka kayan wasa ce tun da ba ta cin albarushi, su saye ta a kasuwa ko ta intanet su rataya, alhali a idon doka hukuncinta ɗaya da raifal, kuma riƙe bindigar wannan kashi ba lasisi na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara biyar. Harsashi ma ba a ajiye shi sai wanda ya dace da bindigar da ke rubuce a lasisinka.

Dokar ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Ban da wannan, a shekarar 2023 rundunar 'yan sanda ta bayyana dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a hannun jama'a. Don haka zangonka na farko hedikwatar 'yan sanda ce a Gombe, ka je da kanka ka ji matsayin da ake ciki, kada ka biya kowa ko kwabo kafin nan. Duk wanda ya ce zai kawo maka bindiga yau takarda ta biyo baya, ka yi masa sallama tun daga ƙofa. Lasisi kuma na mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya mai lamba, bai halatta wa ɗanka ko mai gadin gonarka ɗaukarta ba.

Yanzu ga bindigogin. Lambar nan .22 faɗin bakin bututu ce da ma'aunin inci, wato wajen milimita biyar da rabi, .17 kuma wajen huɗu da rabi. Abin da ke rikitar da mutane shi ne bindigogi uku na iya zama duk .22 amma ƙarfinsu ya yi nisa da juna kamar jaki da doki da mota. Bindigar iska tana tura ƙwayar dalma mai nauyin kusan giram ɗaya da ƙarfin da yawanci ke tsakanin jul 16 da 30, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugun harsashi. Harsashin .22 LR, wanda aka fara yi a Amurka a 1887, nauyinsa giram 2.6 ne, yana fita da gudun mita 330 zuwa 380 a daƙiƙa, ƙarfinsa kuwa tsakanin jul 140 da 190. Na .22 Magnum, wanda kamfanin Winchester ya fito da shi a 1959, nauyinsa ɗaya da na .22 LR amma gudunsa ya kai wajen mita 570, ƙarfinsa ya haura jul 400. Shi kuwa .17 HMR na kamfanin Hornady, da ya fito a 2002, ɗan ƙarami ne mai nauyin giram 1.1, sai dai yana gudun kusan mita 775 a daƙiƙa. Kurege bai kai kilo ɗaya ba, gyazbi babba kuwa kilo huɗu zuwa shida ne, saboda haka duk ƙarfin da ya wuce abin da jikinsu zai shanye fita yake yi ta ɗaya gefen ya ci gaba da tafiya, kuma inda zai tsaya shi ne abin da ya kamata ya hana ka barci.

A nan nake so mu daɗe, domin a nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da ake rubuta yawancin shawarwarin da abokinka ya ji. Manomi a Ostireliya ko yammacin Amurka yana iya tsayawa ya duba kilomita da yawa ba gida ba mutum. Kai kuwa a kwarin Gongola, bayan gonarka gonar wani ce, bayanta burtali, bayan burtali ruga, ga mata masu itace, ga yara masu korar tsuntsu da suka kwanta a inuwar masara ba ka ganinsu, ga masunta a bakin ruwa. Masu yin harsashin .22 LR da kansu sukan rubuta a jikin kwali cewa yana da haɗari har fiye da kilomita ɗaya da rabi, wasu ma sukan ce mil ɗaya da rabi, wato kusan kilomita biyu da rabi. Wannan ɗan harsashi da mutane ke rainawa yana da wata muguwar ɗabi'a: saboda dalma ce mai laushi kuma ba ya gudu sosai, idan ya bugi abu mai tauri ba ya farfashewa, tsalle yake yi ya canza hanya. Marmara da tsakuwa da busasshiyar laka ta rani da fuskar ruwa duk suna mayar da shi sama, kuma gonar rani cike take da ruwa a kwance.

Na taɓa zama a gaban wani dagaci a kudancin Bauchi kan irin wannan. Wani manomi mai lasisi, mutum mai natsuwa, ya harbi kurege a kan wani falalen dutse da hantsi, ya kuskure, harsashin ya yi tsalle ya sami maraƙi a wata ruga da ko hango ta ba a yi daga inda ya tsaya. An biya diyya, an yi sulhu, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron da ke riƙe da igiyar maraƙin, wanda tsakaninsa da harsashin bai fi kamu biyu ba. Tun daga ranar ba na ba kowa shawarar raifal sai na taka gonarsa na ga abin da ke bayan wurin da dabbar ke fitowa. Idan akwai gaɓar rafi mai tsayi, ko babban suri, ko tudun ƙasa mai laushi da ka tara da kanka, to akwai inda harsashi zai nitse. Idan za ka iya yin ɗan dandamali ka hau yadda bakin bindiga zai riƙa kallon ƙasa, ya fi kyau. Idan kuwa gonar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ba tudu ba gaɓa, to raifal kowace iri ba taka ba ce. Kuma kada a taɓa ɗaga raifal sama don tsuntsu ko dabbar da ke kan bishiya.

Wannan ne ya sa na cire Magnum. Amfaninta shi ne kai wa mita 100 zuwa 120 da kashe dabba mai girman dila, alhali kai gyazbi ba zai taɓa ba ka wannan tazarar ba, domin a bakin ciyawa yake fitowa, mita 20 zuwa 50 daga maɓoyarka. Ƙarar ta ma ta fi yawa, kuma a halin da ake ciki ƙarar bindiga daga gona da magariba na iya tayar da gari guda. Ita kuwa .17 HMR dole a ba ta haƙƙinta: harsashinta yana tafiya a miƙe, kuma saboda gudunsa yakan tarwatse idan ya bugi ƙasa, don haka bai cika tsalle kamar .22 LR ba. Sai dai wannan tarwatsewar ita ce kuma aibinta a wurinka, domin kara ɗaya ko ganyen shinkafa na iya karkatar da shi ko ya fasa shi kafin ya isa, ga shi yana lalata nama, ga tsada, ga wuyar samu. Bindigar da ba ka samun harsashinta ta hanyar halal sanda ce mai nauyi, kuma ita ce ke tura mutum wurin 'yan bayan fage. Kafin ka zaɓi kowace iri, ka tambayi dillali mai rajista abin da yake iya kawowa a kai a kai. Su .223 da makamantansu kada ma a kawo maganarsu, sun fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba, kuma harsashinsu ɗan'uwan na soja ne.

Idan gonar ta dace kuma lasisi ya samu, .22 LR mai sakata nake zaɓa maka, wato wadda bayan kowane harbi sai ka ja sakata da hannu ka fitar da kwanso ka ɗura wani. Ta fi mai ɗura kanta sauƙin gyara, ta fi jure ƙura, kuma tana tilasta wa mutum ya natsu a kan harbi ɗaya maimakon ya riƙa ɓarin harsashi a bayan dabbar da ke gudu. Irin CZ 457 da kamfanin CZ ke yi ta yi suna wajen daidaito, amma kowace mai lafiyayyen bututu daga sanannen kamfani za ta yi aikin. Ka nemi harsashi mai rami a goshi, domin yana buɗewa a jikin dabba ya kashe da wuri, kuma bai cika zarcewa ba. Ka saita ta a mita 50. Daga nan zuwa mita 100 harsashin kan faɗi kusan taƙi guda, iskar hunturu kuma ta tura shi gefe, saboda haka ka ɗauki mita 60 a matsayin iyakarka ko da mai sayarwa ya ce ta fi haka.

Inda ba tudu, bindiga mai baki ɗaya mai lamba 12 ita ce abin da iyayenmu mafarauta suka daɗe da ganewa. Ƙananan ƙwayoyinta suna kashe gyazbi a mita 25 zuwa 35, bayan haka ƙarfinsu ya zube da sauri, su faɗo cikin 'yan ɗaruruwan mita, ba kilomita biyu ba. Harsashinta ne ya fi samuwa a ƙasar nan. Tana da ƙara da naushi a kafaɗa, kuma ita ma tana kisa a kusa, amma a cikin jama'a kuskurenta ya fi gajeren zango. Ka sani dai dokar ta fitar da masu ɗura kansu da masu na'urar sake ɗuri daga kashi na biyu, saboda haka mai karyewa a tsakiya, baki ɗaya ko biyu, ita ake nufi.

Bindigar iska kuwa ita ce za ta yi maka aikin yau da kullum, kuma ita na fi so mutum ya fara da ita. Tsakanin .177 da .22 ka ɗauki .22, domin ƙwayarta ta fi nauyi kuma ta fi sauke ƙarfinta a jikin dabba. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai karyewa, wadda ake lanƙwasa bututunta a ɗana ƙarfen da ke ciki, ba ta buƙatar komai sai ƙwayar dalma, kuma Weihrauch da Diana na Jamus da Gamo na Sifen da Hatsan na Turkiyya duk suna yin ta. Akwai kuma mai tulun iska, wadda ake cika wa iska da famfon hannu har matsinta ya kai wajen 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, ta fi daidaito kuma ba ta motsi a hannu, sai dai tana da robobi da zafi da ƙura ke cinyewa, ga wuyar samun mai gyara. Ga gidan gona mai nisa da gari, mai karyewa ta fi. Wanda ya sayi mai tulu, ina roƙonsa da girman Allah kada ya cika ta da iskar tukunyar masu walda, domin wannan iskar idan ta haɗu da maiƙo a cikin matsi fashewa take yi, kuma kada ya bar ta a mota cikin ranar watan Afrilu.

Mai karyewa tana da halinta da sai an koya. Ƙarfen cikinta yana motsawa kafin ƙwaya ta bar bututu, don haka ba a damƙe ta da ƙarfi, ana ɗora ta ne a tafin hannu a bar ta ta yi motsinta, kuma a riƙe ta wuri ɗaya kowane lokaci. Ba a ɗora ta kai tsaye a kan dutse ko katako, ba a harba ta ba ƙwaya a ciki, ba a ɗiga mata baƙin mai ko man keke a ramin iska domin yana kamawa da wuta ya ƙone robar. Naushinta gaba da baya ne, shi ya sa take kashe madubin saiti na raifal cikin 'yan makonni, sai a nemi wanda aka yi domin bindigar iska. Madubi mai kusanto da abu sau huɗu ya wadatar. Iyakarta a kan dabba mita 25 zuwa 30 ce, kuma a kai ake nema. Ba na ba da shawarar a gwada ta a kan babban gyazbi, domin sau da yawa raunata shi take yi ya shige ciyawa ya mutu a wahale. Ƙwayarta ma tana iya tafiya mita ɗari uku ko fiye, tana fasa ido, tana iya kashe yaro, don haka duk ƙa'idar raifal tana kanta.

Kowace ka samu, kada ka nufi mai rai da ita sai ka ci jarrabawar da nake ba kowa. Ka zana da'ira mai faɗin murfin kwalbar lemo a kwali, ka jingina shi da tudun ƙasa, ka koma tazarar da kake son yin harbi, ka zauna yadda za ka zauna a gona, ka harba biyar. Idan duka biyar sun shiga, wannan tazarar taka ce. Idan ɗaya ta fita, ka matso. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a kashe a kyautata kisa. Dabbar da ta ci maka shuka ba ta yi don ƙeta ba, abinci take nema, saboda haka haƙƙinta ne idan za ka kawar da ita ka yi shi da harbi ɗaya.

Sai matsalar da abokinka bai faɗa maka ba, wato gyazbi da dare yake fita, dare kuwa shi ne lokacin da bai kamata bindiga ta fita ba. Ido biyu da suka haska a fitila na iya zama na ɗan akuya, ko na karen makiyayi, kuma ba ka ganin abin da ke bayansu. Ban da haka, mutum da bindiga da fitila a daji da tsakar dare a wannan zamani yana iya gamuwa da 'yan sintiri ko jami'an tsaro waɗanda ba su san shi ba, kafin a yi bayani mai afkuwa ta afku. Lokacinka shi ne bayan asuba idan gari ya fara wayewa, da kuma gab da faɗuwar rana. Ka sanar da mai unguwa da sarkin baka da baturen 'yan sandan yankinku cewa kana da bindiga mai lasisi da inda kake amfani da ita, ka kuma gaya wa maƙwabtan gona da mutanen ruga. Aikin dare kuwa na tarko ne. Gyazbi yana da hanyoyin da yake bi kullum, za ka gane su da karan da ya yanke a karkace kamar an sa wuƙa da tarin kashinsa, kuma tarkon keji da aka ɗana a kan hanyar da ɗanyar masara ko rake yana kama fiye da abin da maharbi zai samu a mako. Dabba ce da ba ta son ƙetare fili, don haka share ciyawa mai faɗin mita biyar zuwa goma tsakanin gona da bakin rafi yana rage ɓarnarta ƙwarai. Macen tana ɗaukar ciki kusan wata biyar ta haifi kamar huɗu, saboda haka idan aka dage da tarko da shara, bindiga tana cike gurbi, ana ganin sauƙi cikin shekara guda.

Ɓera ba haka yake ba. Irin mai yawan nonuwa da ke shiga rumbunanmu cikinsa bai fi mako uku da 'yan kwanaki ba, kuma yakan haifi goma ko fiye, don haka harbinsa ɗiban ruwa ne da rariya. Shi ne kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, wadda maƙwabciyarku Bauchi ke cikin jihohin da suka fi fama da ita. Maganinsa ɗaga rumbu daga ƙasa, sanya wa ƙafafunsa kwanon da ɓera ba ya iya hawa, zuba hatsi a duro mai murfi, toshe ramuka, da barin kyanwa da mujiya su yi aikinsu. Mujiyar nan da ake jifa saboda camfi tana cin ɓeraye kowane dare, kada ka bari kowa ya gwada saiti a kanta. Jan-baki kuma dubbai yake zuwa, wanda ka kashe ba a ganin gurbinsa. Abin da ke taimako shi ne manoman fadama su yi shuka lokaci ɗaya don ɓarnar ta rabu, a sa raga a ƙananan filaye, a yi girbi da zarar ta nuna, a kuma kai rahoton matattararsu ga ma'aikatar gona.

Birai kuwa ka cire su daga lissafin bindiga gaba ɗaya. Suna cikin dabbobin da dokar kare namun daji ta 1985 ta sa wa kariya, ba a taɓa su sai da izini, haka ma dorinar da ke fitowa daga ruwan Dadin Kowa ta shiga gonaki. Ƙaramin harsashi ba ya kashe gwaggon biri nan take sai dai ya raunata shi, kuma dorinar da aka ji wa ciwo ta fi kowace dabba haɗari ga masunta da masu ban-ruwa. Biri gadi yake so na makonnin da masara ke goyo, da karnuka, da sare rassan da yake bi ya diro gona. Dorina da duk wata babbar dabba a kai maganarsu ga jami'an gandun daji na jiha ta hannun hakimi, kamar yadda manoman da ke kewaye da Yankari a ƙasar Alkaleri ke yi idan giwaye sun fito.

Game da ajiya, bindiga a akwatin ƙarfe mai kwaɗo take kwana, ba harsashi a cikinta, harsashi kuma a wani wuri daban mai nasa makulli, kuma makullan a jikinka. Ƙarƙashin katifa da bayan ƙofa ba ma'aji ba ne a gidan da ke da yara. Idan ta ɓata ko an sace ta, doka ta ɗora maka kai rahoto ga 'yan sanda cikin kwana goma sha huɗu. Da hunturu ka rage mata mai domin ƙura na manne masa ta zama kamar yashi a cikin sakata, da damina kuwa ka goge ta da tsumma mai ɗan maiƙo duk ranar da ta fita. Kada ka ɗura harsashi sai ka zauna a maɓoyarka, ka cire shi kafin ka tashi, kuma yatsa ba ya shiga wurin kunama sai ka ga dabbar sarai ka ga ƙasar da ke bayanta.

Abin da ka harba kuma akwai yadda ake yi da shi. Gyazbi nama ne da mutane da yawa ke ci, don haka ka ambaci sunan Allah kafin harbi, idan ka same shi da sauran rai ka yanka, sannan ka yanke naman da ke kewaye da hanyar harsashi ka zubar, domin dalma guba ce musamman ga yara da masu juna biyu, kuma mun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ɓera da gafiya kuwa kada hannu ya taɓa su. A ɗauke su da shebur ko a sa leda a hannu, a binne su da zurfi nesa da rijiya da inda kaji ke tono, sannan a wanke hannu da sabulu kafin a shiga gida.